Hunturu a bakin tafkin Bosomtwe

Har yau in na tuna kuɗin da muka tura wa wani mai masauki a bakin tafkin Bosomtwe na Ghana ta momo (kuɗin waya) tun muna unguwar Aboabo a Kumasi, raina sai ya sosu. A waya ya ce wa yayana, "Alhaji, komai yana nan, ku dai taho." Ƙarshen Janairu ne, masu shagalin sabuwar shekara sun watse, muka ce bari mu je mu huta da hayaniyar kasuwar Kejetia.

Tafiyar ba ta da nisa, wajen kilomita 30 ce daga Kumasi ta Kuntanase. Daga nan hanya ta yi ta gangara, don tafkin a cikin rami yake, wanda wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Masaukinmu kuwa can gaba da Abono yake, inda kwalta ta ƙare.

Komai ɗin ashe ɗaki ne da katifa. Kuku ya tafi garinsu tunda babu baƙi, janareto babu mai, famfo ya ƙafe, barguna suna kulle a sito, makullin yana aljihun mai masaukin a Kumasi. Muka kira shi, sabis ya ƙi. Maigadi kaɗai muka tarar, wani dattijo daga arewa mai jin Hausa. Na ce, "Baba, haka kuke karɓar baƙi?" Ya ce, "Ɗana, ni ma yanzu na san da zuwanku."

Duk wanda ya ce kudu ba a sanyi, ya kwana a bakin ruwan nan ba bargo. Kafin asuba darduma na lulluɓa da ita, alwala kuwa sai da na yi shahada. Hazo ya shafe duwatsun da ke kewaye da tafkin, waɗanda dominsu muka biya kuɗin.

Masunta ne suka fisshe mu. Asantawa suna girmama ruwan, a al'adarsu ba a sa jirgin ƙarfe a ciki, sai mutum ya hau wani falankin katako da suke kira padua, ƙafafu a ruwa, yana tuƙi da hannu. Ɗayansu ya sayar mana da ƙarfasa tana motsi, Baba ya hura kurfoti, wato murhun gawayi, muka ci da garin rogo da shito, miyar barkono. Gaskiya ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba, amma ko wannan daga aljihunmu ya fita.

In za ku je bayan biki, kafin alƙalami kawai za ku bayar, ku nemi lambar maigadi ku tambaye shi ko kuku yana nan, kuma wa ke riƙe da makullin sito. Ku tafi da bargo, tocila da man kaɗanya. Mu dai da muka hau sama sabis ya dawo, mai masaukin ya ce a yi haƙuri, in mun dawo da Ista zai rage mana.