Ƙahon Nasara da gyambon Baba

Ranar da muka fara ɗaura wa Baba na'urar zuƙar ciwo, tsohon ya daɗe yana kallon siririyar robar da ta fito daga ƙarƙashin ledar da muka manna a ƙafarsa. Da na kunna injin, soson da muka cusa ya tsuke ya lafe cikin ciwon, ruwa mai ɗan ja-ja ya fara bin robar zuwa kwalba. Sai ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wannan ai ƙaho ne. Wanzamai ma sun shiga boko ke nan?" Aka yi ta dariya a ɗakin, kuma tun daga ranar sunan ya bi na'urar: ƙahon Nasara.

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma yawancin shekarun aikina a nan Maraɗi a ɗakin wankin ciwo na yi su, wanda muke ce wa ɗakin pansama. Wanda ya daɗe a ɗakin nan da hanci yake fara gane gyambo kafin ido. Baba mai lambu ne daga wajen Madarumfa. Nasa gyambon yana ɗan sama da idon sawu ta ciki, ya kai faɗin tafin hannu, fatar gefensa ta yi baƙi ta yi tauri kamar ƙirgi. Damina huɗu ke nan, in ji shi. Ba abin da bai zuba ba: toka, saƙe-saƙi, garin kafso, har man birki da wani ɗan kabu-kabu ya rantse masa a kai.

Aikin na'urar ba shi da wuyar ganewa. Ana kankare mataccen nama tukuna, a yanka soso mai tsabta daidai bakin ciwon a cusa, a shimfiɗa roba, a rufe da leda mai kama fata yadda iska ba za ta shiga ba, sannan a haɗa da injin da zai yi ta zuƙa dare da rana. Zuƙar tana janye ruwa da mugunya, tana rage kumburi, tana jawo bakin ciwon ya matso, jan da take wa naman kuma yana zaburar da shi ya tsiro da sabo. Bayan kwana biyu ko uku a canza soson. Wani likitan tiyata a Jamus mai suna Fleischmann ya yi rubutu a kan dabarar a 1993, amma waɗanda suka yaɗa ta su ne Louis Argenta da Michael Morykwas na jami'ar Wake Forest a Amurka, da rahoton da suka fitar a 1997 bayan gwaji a jikin aladu. Daga can aka samo ƙarfin zuƙar da har yau aka fi amfani da shi, wato milimita 125 a irin ma'aunin da ake gwada hawan jini. Kamfanin KCI na jihar Tekzas ya sayar da na'urar da sunan V.A.C.

Tamu kuwa haɗin gida ce. Kuɗin ta kamfani da sosonta da kwalbarta da ake yarwa sun fi ƙarfin mai lambu nesa ba kusa ba. Soson da aka dafa ya tsarkaka muka samu, da robar da ake zura wa marar lafiya ta hanci, da ledar ɗakin tiyata, da injin zuƙar majina wanda ba a ƙera shi don ya kwana yana aiki ba. Lokacin bazara ne, gumi yana ɓamɓare ledar ta wajen diddige, sai ka ji wani ɗan fito siriri, ka san iska ta samu ƙofa. Na koyi aske gashin ƙwauri da busar da fata sarai kafin mannawa, na kuma koyi sauraron ƙafa kamar mai facin taya.

Canji na uku da na ɗaga soson, sai da na kira kowa. Ƙasan ciwon da a da yake fari-fari mai yauƙi ya koma jajawur, ya yi tudu-tudu kamar cikin kankana. Warin ya tafi. Na ɗauki hoto da waya, na buɗe littafin da nake rubuta masu gyambo, a gaban lambar gadon Baba na rubuta: an yi nasara. Majo, shugabar ɗakinmu, wadda ta girme ni a aiki da shekaru masu yawa, ta leƙa littafin ta ce, "Ya rufe ne?" Na ce, "Majo, dubi naman nan fa." Ta ce, "Na gani. Ya rufe ne?" Ta wuce abinta. Raina ya ɗan ɓaci. A zuciyata cewa na yi tsofaffin ma'aikata ba sa son sabon abu.

Shirin likita shi ne a yi wa Baba dashen fata. Kafin ranar ta zo hadari ya fara haɗuwa, guzurin da ƴaƴansa suka kawo ya ƙare, ga gona tana jiran shuka. Ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ƙafa ta yi kyau. Sauran a gida za ta ƙarasa." Na yi magiya, bai ji ba. Rubutun nasara kuma yana nan a littafi, ban goge ba.

A cikin watannin nan ne likitan tiyata ya ɗora mini aikin gabatar da abin da bincike ya gano game da na'urar a taron ma'aikata na safe. Da Faransanci muka yi karatu, takardun kuwa kusan duk da Ingilishi suke, don haka da ƙamus a gefe na bi su, dare bayan dare. Na shiga ne ina neman abin da zai goya mini baya a gaban Majo.

Da farko na samu. A 2005 mujallar Lancet ta buga binciken Armstrong da Lavery a kan mutum 162 masu ciwon suga da aka yanke wa wani sashe na ƙafa: kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa na'ura sun warke cikin mako 16, waɗanda aka yi wa pansama na yau da kullum kashi 39. A 2008 wani bincike a kan mutum 342 masu gyambon suga ya sami kusan kashi 43 da kashi 29. Har na fara murmushi. Sai na lura da abu biyu. Kamfanin da ke sayar da na'urar a lokacin shi ya ɗauki nauyin binciken na Lancet. Hakan bai sa ya zama ƙarya ba, amma mai talla ba ya cewa furarsa ta yi tsami. Na biyu, Baba ba shi da suga. Gyambonsa na jijiyoyin da ke mayar da jini sama ne, waɗanda suka saki, jini yake taruwa a ƙafa.

Da na nemi irin nasa, sai rijiyar ta zama ba zurfi. Ƙungiyar Cochrane, masu tace bincike, sun duba batun gyambon ƙafa a 2015, gwaji ɗaya tak suka samu wanda aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a. Shi ne na Vuerstaek da abokan aikinsa a ƙasar Holan, 2006, mutum 60. Masu na'ura sun warke a tsaka-tsakin kwana 29, marasa na'ura kwana 45. Shirya ƙasan ciwon ya ɗauki kwana 7 da na'ura, 17 ba tare da ita ba. A nan na tsaya na sake karantawa a hankali. Shirya shi domin me? Domin dashen fata. Mutanen nan a kwance suke a asibiti, kuma dashe yana cikin tsarin maganin ɓangarorin biyu. Ashe jan naman da na kira kowa ya gani, a wajen masu binciken zango ne na farko. Ba sa ƙirga mutum ya warke sai fata ta rufe ciwon ruf. Tambayar Majo ce dai, sun yi ta da Ingilishi. Hangen Dala na yi na rubuta cewa mun shiga birni.

Binciken da ya fi kama da rayuwarmu Jamusawa suka yi shi, ana kiransa DiaFu, ya fito a 2020. Mutum 368 masu gyambon suga, a wuraren jinya da yawa, cikin aikin yau da gobe. Ba su sami bambanci na a-zo-a-gani ba wajen rufewar ciwo cikin mako 16. Su da kansu suka bayyana cewa an yi ta cire na'ura kafin lokaci, an yi ta canza magani ba bisa tsari ba, takardu kuma da giɓi. Na ce a raina, in haka ta faru a inda wuta ba ta ƙiftawa, ina ga mu?

Maganar wuta ba wasa ba ce. Ƙa'idar masu na'urar ita ce kada a bar soso a rufe cikin ciwo fiye da awa biyu in zuƙa ta tsaya. A cire a sa pansama na hannu. Na san wannan ne bayan na riga na yi kuskuren. Wani dare wuta ta ɗauke, janareta bai tashi da wuri ba, ni kuma ina fama da wani da aka kawo daga hatsarin babur, na manta da wata yarinya mai sikila da ke kan na'urar. Da asuba da na ɗaga ledar, warin ya gaya mini abin da na yi. Allah ya taƙaita, amma aikin kwanaki ya koma baya. Mahaifiyarta ba ta ce mini komai ba sai "sannu da ƙoƙari", abin da ya fi zagi ciwo. Akwai haɗarin da ya fi wannan: a 2011 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce ta karɓi rahoton mutuwar mutum 12 da raunata 174 masu nasaba da irin waɗannan na'urori tun daga 2007, zubar jini kuma shi ne kan gaba wajen kisa. Shi ya sa ba a ɗora soso kan jijiyar da ta bayyana, ana kuma sa ido sosai kan mai shan maganin tsinka jini. Ba a sa ta a kan ƙashin da ya ruɓe ba a yi maganinsa ba, ko baƙin ɓawon mataccen nama, ko gyambon da ya rikiɗe ya zama daji. Tsohon gyambo mai kaurin baki da ke saurin zubar jini, yanka ɗan nama a kai gwaji shi ne farko.

Ranar taron na faɗi duk wannan, har da kuskurena na daren nan. Na ce na'urar tana da amfani wajen shirya ciwo mai zurfi mai yawan ruwa, musamman in dashe na tafe, amma ba ta taɓa dalilin gyambon. Mai sakakkun jijiyoyi, babban maganinsa ɗaurin bandeji mai matsewa ne daga tushen yatsu zuwa ƙasan gwiwa, da ɗaga ƙafa, bayan an tabbatar jini yana sauka ƙafar yadda ya kamata, don matse ƙafar da hanyar jininta ta toshe yana iya kashe ta. Mai suga sai an daidaita sugan an kuma ɗauke nauyi daga wurin ciwon. Majo tana zaune a baya, ba ta ce uffan ba. Da muka fito ta miƙo mini jan biro.

Littafin yanzu yana da gidajen da babu su a da: dalilin gyambon, tsawo da faɗi da santimita kowane mako, awa nawa injin ya tsaya, ranar da fata ta rufe, da halin ƙafar bayan wata uku da wata shida. Akwai kuma gidan waɗanda suka tafi ba mu sake ganinsu ba, wanda a da nake tsallakewa kamar ba a yi su ba. Gidan nan ya fi saurin cika, kuma tun da na fara ƙirga shi bakina ya rage kaifi a kan na'urar.

Baba ya dawo bayan an gama girbin gero, a bayan babur ɗin jikansa, ƙafar naɗe da tsumma. Gyambon ya koma gidan jiya, har ya ɗan ƙara faɗi ta ƙasa. Ya ce, "Ɗana, a sake sa mini ƙahon nan." Na ce, "Baba, za a sa, amma da sharaɗi. Wannan karon sai an yi dashe kafin ku tafi, kuma bayan an sallame ku bandeji ba zai bar ƙafar nan ba, ko a lambu." Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya tambayi kwana nawa, don albasa ba ta jiran mutum. Muka zauna da jikan muka ƙirga kwanakin da abin da za a sayar. Kafin in kunna injin na buɗe tsohon shafinsa, na ja layi da jan biro a kan abin da na rubuta da bazara, na auna ciwon, na sa kwanan wata.