Ƙanƙarar da ke riƙe da tarihi

Jiya da yamma zafin Kano ya ishe mu, na aiki ƙanina ya sayo mana ƙanƙara a bakin titi, muna zaune a ƙofar gida yana fasa ta sai ya ce Yaya ka san akwai ƙanƙarar da ake karanta tarihin duniya a cikinta? Geography yake karanta a BUK, wallahi har aka kira magariba ban motsa ba.

Ashe a Girinlan, wani babban tsibiri mai ƙanƙara can arewacin duniya, masana sun haƙa ƙanƙara zurfin kusan kilomita 3, suka zaro ta kamar rake, kowace shekara da layinta, da ƙurarta da iskar da ta maƙale a ciki, har shekara sama da 120,000 baya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne saurin canjin, a zamanin ƙanƙara na ƙarshe, wato lokacin da ƙanƙara ta rufe yankuna da yawa na duniya, kusan sau 25 zafin wurin ya haura kamar digiri 10 cikin 'yan shekaru gommai kawai, wato mutum ɗaya zai iya ganin abin da idonsa tun yana yaro kafin ya yi furfura. Da aka haɗa da ta Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, kuma sai aka ga idan arewa ta yi zafi kudu tana fara sanyi bayan kusan shekara 200, ruwan teku ne ke kai saƙon a hankali.

Nan na tuna kwale-kwalen da aka tono a Dufuna ta Yobe mai shekara kusan 8,000, lokacin tafkin Chadi yana malale kamar teku. Na kwana ina tunanin damina da gonar kakanmu a ƙauye.