Daga Kano zuwa Jidda: nisa ɗaya, lokaci biyu

Sau biyu na tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda, kuma duk da cewa garuruwan biyu suna nan inda suke, tazarar kimanin kilomita 3,400 a miƙe, lokacin da na shafe a sama a tafiyar farko ya sha bamban da na ta biyu.

Tafiyar farko ta Umara ce, a 2019. Mun tashi da misalin ƙarfe 11 na dare, jirgin ya fuskanci gabas ya ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan, ni kuwa idona yana kan ɗan allon da ke jikin kujerar gabana, inda taswira take nuna mana saurin da ya kai wajen kilomita 850 a awa. Wanda ya raba nisan da wannan sauri zai samu awa huɗu, sai a ƙara abin da hawa da sauka suke ci, ya zama awa huɗu da rabi. Haka kuwa aka yi. Da muka doshi Bahar Maliya aka sanar da kusantowar miƙati, maza sanye da harami suka gyara zama, talbiyya ta cika jirgin. Agogon hannuna yana nuna uku da rabi lokacin da tayoyi suka taɓa ƙasa, amma agogon filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana nuna biyar da rabi, domin Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Wannan bambanci yana rikita matafiya da yawa, har su ɗauka cewa tafiyar awa shida da rabi ce saboda abin da suka gani a tikiti.

A cikin wannan dare na riƙa tuna kakana, wanda ya bi wannan hanya a ƙasa, ta Maiduguri da Abeche a Chadi da El Fasher a Sudan har Sawakin, tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, yana tsayawa yin ƙwadago don neman guzuri, bai dawo gida ba sai bayan shekaru. Wasu abokan tafiyarsa a Sudan suka zauna, zuriyarsu tana can har yau.

Tafiya ta biyu ta aikin Hajjin 2023 ce, makonni kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a ranar 15 ga Afrilu, wanda ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Dole jirginmu ya yi zagaye, muka shafe kusan awa bakwai, kuma ƙarin awannin nan ƙarin mai ne ga kamfani, ƙarin wahala ne ga tsofaffi. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, wadda wannan ne hawanta jirgi na farko, ƙafafunta suka kumbura har ta cire silifas ɗinta ta ajiye a kan cinya.

“Ɗana, ba an ce mini awa huɗu ba ne?” in ji ta.

Na ce, “Inna, yaƙi ake yi a kan hanyar, shi ya sa muka kewaya.”

Ta daɗe tana kallon taga ba ta ce komai ba, sannan ta ɗaga hannu ta yi wa mutanen Sudan addu'a, ta ce min tana da ƙanen uba a can wanda ba ta taɓa gani ba.