Abin da tayoyin sifot masu araha suka koya min a shagon taya

Shekarata bakwai kenan ina aiki a shagon taya a Kano, na fara ne daga yaron shago mai jan jak da kwance noti, yanzu ni nake tsayawa da kwastoma in maigida baya nan. A duk kayan da muke sayarwa babu wanda ya tsaya min a rai kamar tayoyin nan da ake ce wa sifot masu araha, masu siririn gefe da zane kamar kan kibiya, waɗanda ake kawowa daga Chaina da Indonesiya da Taiwan. Wallahi suna da kyau a ido, suna kuma tafiya a kasuwa, mu ma muna samun namu a kai, shi yasa na daɗe ina miƙa wa mutane su ban taɓa tsayawa na tambayi wane aiki motar take yi ba.

Yadda abin yake zuwa kusan kullum iri ɗaya ne. Matashi ya samu Corolla ko Civic ko Accord ɗin nan da ake kira EOD, abu na farko sai ya cire rim ɗin kamfani ya ɗaura aloy mai inci 17, wani ma har 18, kuɗin duk sun tafi a rim, sai ya shigo wajenmu yana cewa oga a ba ni wadda za ta zauna ɗas amma don Allah kar ta yi tsada. Kuma ban ga laifinsa ba. Manyan masana'antun taya biyu da muke da su a ƙasar nan sun daɗe da rufewa, Michelin ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Ikeja a 2008, kusan duk abin da ke jere a shagonmu da dala aka sayo shi, tun kuma da naira ta faɗi a 2023 taya mai babban suna ta fi ƙarfin mai jiran albashin wata. To me ya rage masa in ba mai arahar ba.

Ranar da na fara gane abin, wani yaro ne ɗan jami'a ya dawo mana sati uku bayan na ɗaura masa guda huɗu a Corolla, tayar gaba ta dama ta yi ƙullutu a gefe kamar ƙwan kaza, yana ta faɗa wai mun sayar masa da jabu. Ni har na fara ɗaga murya. Maigida ya fito ya ce min kai yi shiru, ya ɗauki allin da muke yi wa taya alama ya tsuguna a ƙasa ya ce wa yaron zo nan ɗana, wace taya motarka ta zo da ita? Ya ce bai sani ba. Aka buɗe ƙofar direba aka duba takardar da ke manne a jikin ƙarfen, 195/65 R15. Wadda muka sa masa kuma 215/45 R17. Maigida ya rubuta a kan siminti, lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne, kashi kaza cikin ɗari na faɗin. Kashi 65 na 195 ya kama wajen milimita 127, kashi 45 na 215 kuma wajen 97. Ya zana layi biyu a gefen juna ya ce to ka gani, santimita uku na roba da iska ka cire tsakanin rim ɗinka da kwalta, kuma wannan ukun su ne katifar da ke shanye duka in ka faɗa rami. Da ka daki bakin ramin, gefen tayar ya matse tsakanin rim da kwalta, zaren ciki ya tsinke, iska ta turo robar waje, shi ne wannan ƙullutun, kuma ba ya faci, ko wa ya ce maka zai gyara cutarka zai yi. Yaron ya yi shiru can ya ce a Kwanar Dangora ne da daddare, bai ga ramin ba.

Ni da nake tsaye ina riƙe da sifana, shekarata biyu a shagon a lokacin, ban taɓa yin wannan lissafin ba. Kuma maigida bai tsaya nan ba, ya nuna min wata lamba da nake gani kullum ina wucewa, wadda ke bayan girman taya. Ta kamfani 91 ce, ma'ana kowace taya tana ɗaukar kilo 615. Wadda na sa masa 87 ce, kilo 545. Kilo 70 a kowace ƙafa, 280 a mota gaba ɗaya. A ƙasashen da mutum ɗaya ke shiga mota ya tafi ofis ya dawo ƙila ba za a ji ba, amma mu nan fa motar gida ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta biki, ita ce ta zuwa ƙauye da Sallah mutum shida da buhun shinkafa da jarkar mai a but. Akwai irin wannan girman mai XL a jiki, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi, wadda take kai 91 ɗin, tana nan a shagon ma, kawai ban san in miƙa masa ita ba ne. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi girgiza ni don da jikina na gani. Yayana yana da Civic, ni na zaɓar masa sifot masu araha da hannuna, da rani kuwa har yabona yake yi, ka sha kwana motar ta bi sitiyari kamar an ɗaure ta, ka taka birki ta tsaya cak. Gaskiya a busasshiyar kwalta tayoyin nan suna kamawa, ba zan yi musu ƙarya ba, kuma nan ne suke yaudarar mutum don duk wanda zai gwada sabuwar taya da rana tsaka yake gwadawa. An ce araha ba ta ado, to wannan arahar adon ta iya, kyan ɗan maciji ne. Farkon damina na ari motar zan kai kaya Kura, aka fara yayyafi irin na farko ɗin nan da ke taso da ƙura da baƙin man da suka kwanta a titi wata da watanni, ina tafiya bai fi 70 ba, sai wani ɗan adaidaita sahu ya shigo min ba sigina. Na danne birki, na ji ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa in an taka birki, yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuma tana ta tafiya abinta kamar a kan sabulu, ina kallon bayan adaidaitan yana matsowa, akwai wata mata a ciki da goyo har ina ganin hular jaririn. Allah ya tsare na tsaya saura bai fi taƙi ɗaya ba. Na gangara gefe na kashe mota na fi minti goma hannuna yana rawa, innalillahi kawai nake maimaitawa.

Bayan wannan ne na fara karanta takardar da ke manne a kan sabuwar taya, wadda da muke ɓarewa mu yar ko kallo babu. Wasu tayoyin suna zuwa da lakabin Tarayyar Turai, tun 2012 suka wajabta shi a can, akwai hoton taya da gajimare mai ruwa da harafi a gefe, a sabon tsarin da suka fara a 2021 daga A zuwa E ne, A ta fi kowa tsayawa a jiƙaƙƙen titi. Da na bi kayan shagonmu ɗaya bayan ɗaya sai na ga abin mamaki, taya biyu farashi kusan ɗaya, zane kusan ɗaya, wannan B waccan D. Ashe zanen kibiyar ba shi ne komai ba, shi aikinsa kore ruwa daga ƙarƙashin taya, amma kamun kansa daga haɗin robar yake fitowa, kuma haɗin da ke kama jiƙaƙƙiyar kwalta, mai sinadarin silika da sauransu, shi ne mai cin kuɗi, ido kuma ba ya ganinsa, don haka in kamfani zai rage kuɗi nan zai fara ragewa ya bar maka zanen. Ba duk masu arahar ne haka ba fa, akwai masu kyau sosai a ciki, sai dai ba za ka gane su da kallo ko da latsawa da babban yatsa yadda muke yi ba.

Ita mai zanen kibiyar ma tana da nata sharaɗin, akwai alamar ROTATION a gefe da ke nuna inda za ta juya, in aka ɗaura ta a baibai maimakon ta watsar da ruwa waje sai ta tattaro shi tsakiya. Mu a shago muna kula, amma in ta yi faci a hanya mai facin bakin titi ba ruwansa, duk ƙafar da ta samu zai mayar. Na sha ganin mota ta shigo biyu daidai biyu a juye mai ita bai sani ba.

Iska kuma wata duniya ce. Siririyar taya ko iskarta ta ragu sosai ba ta nuna kwanciya kamar mai tsayin gefe, mutum zai yi sati yana yawo da iska 20 a geji yana ganin lafiya lau, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, kwalta kamar kasko, gefen yana ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har wata rana a kan babbar hanya ta yi bindiga. Wasu kuma su ce a ɗura mata 50 wai don kar rim ya daki ƙasa, sai mota ta koma kamar amalanke, tsakiyar tayar ya suɗe gefe na nan da sauransa, ƙafafun mota suna shan duka. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, wadda za ka bi tana jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motocin nan 30 zuwa 33 ne, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, da geji mai kyau, don gejin wasu masu facin ya sha faɗuwa ƙasa har ya gaji.

Sauran ƙananan abubuwan ba sai na ja ba. Wasu a wajen balansin sai sun sha darma da yawa kafin su daidaita, wasu bayan wata biyar ko shida su fara gurnani a kan gudu har mutum ya je bakanike ya canja boris a banza, mai ma yana ɗan ƙara tafiya saboda faɗi da nauyin rim.

Amma fa kar wani ya ji wannan ya ce to gara ya koma Baljiyam mai babban suna. A'a wallahi. In aka ajiye min sabuwa mai araha da tsohuwa ta hannu, sabuwar zan ɗauka ko sau nawa. Ta hannun nan ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san shekara nawa ta yi a jibge a rana ba, wasu ma na ƙanƙara ne da alamar dutse da ƙanƙara a jiki, an yi su don sanyin Turai aka kawo su Kano, shigo da su ma yana cikin jerin abin da kwastan suka haramta. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. 'Yan rod sefti suna cewa shekara huɗu ne wa'adin taya, kuma ko sabuwa ce fil a leda ka duba, don akwai wadda ta yi shekara uku a sito kafin ta iso hannunmu.

Yanzu in mutum ya shigo yana nuna min mai zanen kibiya, kafin in sauko da ita sai na tambaye shi ina yake bi da motar, mutum nawa yake ɗauka, yana tafiyar dare ko a'a. In ɗan gari ne daga gida zuwa ofis a titi mai kyau kuma ya riga ya sayi rim ɗinsa, sai in nemo masa 225/45 R17, wadda tsayinta gaba ɗaya ya zo daidai da 195/65 R15 ɗin kamfani, mai lambar kaya 91 ko sama, mai harafin ruwa B ko C in akwai, in kuma biyu kawai zai iya saya in ce a sa su a baya, nan ma sai an sha gardama don kowa gaba ya sani, alhali in bayan mota ya zame a ruwa juyawa take yi gaba ɗaya kuma sitiyari ba zai cece ka ba. In kuwa mai zirga-zirgar Katsina ko Wudil ne da iyali, gaskiya nake faɗa masa, ranka ya daɗe kuɗin nan da za ka sa a sifot huɗu, in ka koma inci 15 za su saya maka taya ta talakawa mai mutunci har da canji.

Wasu suna ji, wasu kuma su ce zan dawo, in leƙa in gan su a shagon maƙwabcinmu ana ɗaura musu abin da suka zo nema. Jiya ma wani malamin makarantar sakandare ya zo da Corolla, ƙullutu biyu a wata huɗu, rim ɗaya ya lanƙwashe, na yi masa lissafin nan na maigida da alli a ƙasa, ya daɗe yana kallo sannan ya ce tsofaffin rim ɗinsa suna nan a bayan ɗaki matarsa ta ɗora tukwanen fulawa a kai. Na ce ya kawo su ranar Asabar da safe mu wanke mu duba ko ba su yi tsatsa a bakin ba, aloy ɗin kuma ya bar min guda ukun masu lafiya a shago in nemo masa mai saye.