Abin da renon ƙananan orkid na tsaunuka ya koya mana a Jidda da Ɗa'if

Duk wanda ya yi aiki a mashtal, wato gidan renon shuke-shuke, a Jidda ya san orkid mai manyan furanni da ake kai wa masu jego da marasa lafiya. Wannan Phalaenopsis ce, tana jure ɗumi. Wadda ke ba mu wahala ita ce ƙaramar nan, Masdevallia, da danginta. Asalinta dazuzzukan tsaunukan Andis ne, a Kolombiya da Ekwado da Peru, galibi sama da mita 1,500, inda gajimare ke kwana a kan itatuwa. Tsayinta sau da yawa bai wuce tafin hannu ba.

Kuskuren sabon ma'aikaci shi ne ya ɗauke ta kamar kauci don ya ji a jikin itace take rayuwa. Kauci tsotsar bishiya yake yi. Ita kuwa maƙalewa kawai take yi a reshe ko cikin gansakuka, tana shan ruwan sama da raɓa. Saiwarta na lulluɓe da wata farar fata mai kama da soso, tana jiƙa nan da nan, amma dole ta sha iska. Ka sa ta a ƙasar tukunya, cikin 'yan makonni saiwar ta yi baƙi, ka matsa ta ta zame a yatsa, sai zare ya rage. Muna dasa ta ne a gansakukar sfagnum da aka jiƙa aka matse, a sassauce, ko ƙananan ɓawon itace, a tukunya ta santimita 6 zuwa 8. Gansakukar kan lalace, don haka a sauya ta duk shekara, cikin hunturu.

Babban darasin dai shi ne ban-ruwa ba ya maye gurbin sanyi. Tana son digiri 16 zuwa 22 da rana, 10 zuwa 14 da dare. In ta daɗe a sama da 27 sai ganye ya yi laushi, ya fito da baƙaƙen ɗigo, ya fara zuba. Mai reno ya ga ta lanƙwashe sai tausayi ya kama shi ya ƙara ruwa, alhali saiwar da zafi ya galabaitar ba ta iya sha. Nan ruɓewa ke shigowa. Kuma ba ta da kumburarren tushen ajiyar ruwa irin na wasu orkid, don haka a bar ta ta bushe ƙamas ma mutuwa ce. Gansakukar ta zauna kamar tsumman da aka matse: da danshi, ba ɗiga.

A Jidda iska na da laima amma dare ba ya hucewa, shi ya sa sanyaya gida da jiƙaƙƙen bango da fanka ba ya yin wani tasiri a can. Wannan dabara a busasshiyar iska take aiki, kamar a Riyad ko Ɗa'if. Sai a koma ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi kuma ya tsotse laimar ɗaki, Masdevallia ko tana buƙatar laima kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. Mafita ita ce akwatin gilashi a cikin ɗakin mai sanyi, da na'urar feshin tururi, da ƙaramar fankar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana. Mutane kan raina fankar nan. Laima ba motsin iska, gayyatar fumfuna ce. A Ɗa'if, da ke kusan mita 1,800, ko Abha da ta fi ta tudu, aikin ya fi sauƙi, har tukunyar ƙasa marar fenti kan taimaka, tana sanyaya saiwa yadda randa ke sanyaya ruwa.

Sai batun gishiri. Ruwan famfo ko na tanki, musamman na rijiya, yakan fi ƙarfinta. Alamarsa kan saiwa ya ƙone, bakin ganye ya yi ruwan ƙasa, farin ɓurɓushi ya fito a bakin tukunya. A gwada ruwan da ma'aunin TDS, wato na'urar da ke nuna yawan gishirin da ya narke a ruwa. Ya zama ƙasa da 100. Taki kuwa rubu'in abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya cikin ban-ruwa uku, sauran a kwarara zallan ruwa ya wanke. A yi ban-ruwan da safe. Haske kaɗan ya ishe ta, rana kai tsaye ƙona ta take yi.

In ruɓewa ta fara, a yanke wurin da reza da aka gasa a wuta, a barbaɗa garin kirfa a bakin yankan ganye, ban da saiwa don yana busar da ita. Wajen saye kuma a tambayi takarda, domin cinikin orkid tsakanin ƙasashe na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin daji don kada su ƙare. Wadda aka ciro daga daji da wuya ta kai shekara a hannu. Wadda aka rena a kwalba tun tana iri ta fi saba da zaman tukunya.