Gawon da Baffa Ya Ƙi Yarda da Shi

Shekara uku na yi ina zana ƙasashen da ban taɓa takawa ba. A waya na fara, da manhajar ibisPaint, ina jan layi da ɗan yatsa. Daga baya na tara kuɗi na sayi ƙaramin allon zane na Huion, na hannu, na jona shi da wata tsohuwar kwamfuta, na sauke manhajar zane ta Krita tunda kyauta ake ba da ita. Tun farko zanen shimfiɗar ƙasa na zaɓa, duwatsu da itatuwa da ruwa da sararin sama, domin a gidanmu an tashe mu da kaffa-kaffa kan zana abu mai rai, kuma ni kaina hankalina ya fi kwanciya a nan.

Malamaina duk a YouTube suke. Abin da suka koya mini shi na iya: dutse mai tsini da dusar ƙanƙara a kansa, dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, tafki a kwance kamar madubi. Na iya su sosai. Idan na ɗora a Facebook sai a yi ta cewa "kamar hoto", wani ma ya ce "kamar a Turai", ni kuma in ji daɗi. Sai dai can cikin raina akwai abin da ke sukata. Idan na jera zanena da na wasu ɗalibai da suka kalli darasi ɗaya da ni, daga Indiya ko Birazil, ni kaina sai na duba sa hannu kafin in gane nawa. Na ɗauka maganin abin shi ne in ƙirƙiro salon da ba a taɓa gani ba. Na yi sama mai ruwan hoda, na yi ƙasa shuɗiya, na karkata duwatsu. Duk da haka dai dutsen mutane ne na rina.

Abin da ya juya ni ya faru ne a ƙauyenmu, can wajen Kazaure. Na yi niyyar yi wa Baffana kyauta, in zana masa gonarsa da ke gindin tsauni. Ina da hoto ɗaya da na taɓa ɗauka da rani, sauran kuma na cike da abin da nake tunawa da abin da aka koya mini. Na ga fili tsirara ba zai yi kyau ba, sai na zuba gero kore shar, na bar babban itacen tsakiyar gona da ganyensa kamar yadda yake a hoton. Da Sallah na kai masa a waya. Ya karɓa, ya nesanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Wane lokaci ne wannan?"

Na ce, "Damina ce, Baffa. Ba ku ga gero ya yi kyau ba?"

"Na gani. To wannan itacen fa?"

"Gawon nan naku ne na tsakiyar gona."

Ya miƙo mini wayar. "Ɗana, gawo ba ya ganye da damina. Ai da yana yi, da ban bar shi a tsakiyar gona ba."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, amma ta shige ni. Ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa baƙo: gawo saɓanin sauran itatuwa yake, da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, ganyen ya zama taki, rana ta ratsa rassansa ta sami shuka, shi ya sa geron gindinsa ya fi na ko'ina. Sai kaka ta wuce, lokacin da kuka ta kaɗe kowa ya bushe, sannan shi ya yi ganye ya ba dabbobi 'ya'ya. A gindin wannan itacen na yi wasa ina yaro. Na san duk wannan a da, amma da na ɗauki alƙalami sai idon wasu ya riga nawa.

Watan Janairu na koma, na yi kwana tara. Kwamfuta na baro ta a Kano, don a cikin rana ba a ganin fuskarta, ga ƙura, ga rashin wuta. Littafin rubutu na ɗauka da fensir biyu. Kullum bayan asuba in fita in zauna a kan wani falalen dutse da ke kallon gonar, in sake komawa bayan la'asar. Kwana uku na farko ban zana komai ba sai rubutu. Ina rubuta launi da sunan abin da na sani: ƙasar kunya ruwan makuba ce da ta sha rana, karan gero kamar tsohuwar tabarmar kaba, ganyen gawo kore ne da aka yayyafa wa toka.

A nan na ci karo da babbar ƙa'idar da kowane darasi ke farawa da ita. Ana cewa duk abin da ya yi nisa sai ya koma shuɗi-shuɗi, ya yi haske. Tsohuwar ƙa'ida ce, shahararren mai zanen nan na Italiya Leonardo da Vinci ma da ya rasu a 1519 ya yi rubutu a kanta, kuma gaskiya ce: idan iska tana da tsabta, hasken shuɗi ne ya fi warwatsuwa a cikinta, shi ya sa sama take shuɗiya, dutsen nesa ma ya ɗauki launin. Ko a wajenmu, idan aka ɗauke ruwa a watan Agusta ka hangi tsaunin nesa, za ka ga shuɗin. Amma da hunturu iskarmu ɗauke take da ƙurar Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ƙwayar ƙura ta fi ƙwayar iska girma nesa ba kusa ba, ba ta zaɓen launi, kusan duka take warwatsawa tare. Saboda haka nesa ba ya shuɗi. Fari-fari yake komawa, mai ɗan ruwan ƙasa, kamar kunun da aka tsinka. Tsaunin da ke bayan gonar Baffa, wanda na yi wa shuɗi mai kyau a zanen farko, wasu ranakun ma babu shi kwata-kwata. Babu layin da ya raba ƙasa da sama. Itacen farko baƙi-baƙi, na biyu ya dusashe, na uku inuwa kawai, na huɗu hazo ya cinye. Rana da yamma ba ja take faɗuwa ba, farin faranti ce da ke ɓacewa tun ba ta kai ƙasa ba. Inuwa kuma ba ta da kaifi, gefenta a narke yake.

Na gwada ɗaukar hoto don in taimaki kaina, sai na gano wani abin. Kyamarar waya gyara take yi ba tare da ta tambaye ka ba: tana ƙara kaifi, tana daidaita fari, tana ƙoƙarin share hazon da ni shi na zo nema. A da, idan zan yi zane, hoto nake buɗewa in sa ɗan abin tsinto launi in tsotso daga jikinsa. Ashe launin da injin ya yanke nake kwafa. Tun daga lokacin hoto ya koma abin tuna mini siffa kawai, yadda reshe ya lanƙwasa ko inda rumbu yake. Launi kuwa daga littafina nake ɗaukowa.

Da na dawo Kano aikin ya ci mini kusan mako biyar, da daddare bayan na taso daga shago, idan an kawo wuta. Na fara da ƙananan zane guda ashirin, kowanne bai fi akwatin ashana ba, da baƙi da fari da toka kawai. A nan ake yanke hukuncin gaske: ina gawon zai tsaya, wane rabo sama za ta ci, ina ido zai fara sauka. Na sha sa shi a tsakiya saboda a tsakiyar gona yake, amma sai zanen ya tsaya cik kamar hoton fasfo. Na goma sha huɗu ne ya yi, inda na tura shi hagu na bar kunyoyi suka ja ido zuwa cikin hazo.

Sai batun burushi, wato bakin alƙalamin da ake shafa launi da shi a cikin manhajar. Ina da ɗaruruwa da na sauke daga intanet, har da masu buga ganye kai tsaye, ka dangwala sau ɗaya reshe ya cika. Da na duba su da sabon ido sai na ga duk ganyen itatuwan ƙasashen sanyi ne. Gawo ganyensa ƙanana ne ƙwarai, daga nesa kamar hayaƙi yake, reshensa fari-fari mai ƙaya, yana tafiya a karkace. Na ajiye su duka. Krita tana ba ka dama ka zana ɗan tabo ka mayar da shi bakin burushi, sai na yi nawa guda uku: ɗaya na ganye, ɗaya na busasshen kara, ɗaya mai faɗi na ƙasa da sama. Launi biyar na ware a gefe, na hana kaina ƙari.

Hazo ne ya fi ba ni wuya. Dabarar da ta fara zo mini ita ce mai sauƙi: in gama zanen da launinsa cikakke, sannan in shimfiɗa wani farin rufi a sama in rage masa kauri. Na yi, sai ya fito kamar ana kallon gona ta gilashin mota mai datti. Na yi kwanaki ina juya abin kafin na gane dalili. Hazo ba mayafi ɗaya ba ne da aka yafa wa komai daidai, tarin ƙura ne tsakaninka da abu, gwargwadon nisa gwargwadon yawansa. Dole kowane mataki na nisa a haɗa masa launinsa daban, ana rage tazarar da ke tsakanin duhunsa da haskensa, har su haɗe su zama launin sama. Na share na sake daga tushe. Karan da ke gabana na bar shi da kaifinsa da duhunsa, tsaunin kuwa bambancinsa da sama bai fi a ce an hura masa numfashi ba.

Akwai kuma ɗabi'ar da na yaƙa, ta danna maɓallin komawa baya. A kwamfuta kuskure ba ya tsada, shi ya sa mutum zai ja layi ɗaya sau talatin yana sokewa har ya sami wanda ya yi sumul. Layin da ya yi sumul kuwa na kowa ne. Na yi wa kaina doka a wannan zanen: idan na yi kuskure, in rufe shi da wani fenti a kai, kamar mai aiki da fentin gwangwani. Wurare da yawa da na fi so yanzu daga irin wannan gyaran suka fito, inda tsohon launi ke leƙowa ta ƙarƙashin sabo.

Ban yi nadamar shekarun kwaikwayo ba, kuma ba na goyon bayan masu raina mai koyo don ya kwafa. Almajiri ma da rubutun malaminsa yake gyara hannu. A can na koyi yadda haske ke faɗa wa abu da yadda ake tsara fili, kuma da su na yi wannan aikin. Daga baya na karanta labarin ɗaliban zane da suka kafa ƙungiya a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malamansu akasari Turawa ne, su kuma suka ce za su karɓi dabarar su haɗa ta da abin da suka gada a gida. Na ji daɗin sanin cewa a ƙasar nan an riga ni shiga wannan damuwar da shekaru sittin da ɗoriya.

Wani abin da ya ƙara mini ƙarfi shi ne manhajojin nan da suka bazu tun 2022, irin su Midjourney, masu haɗa hoto daga rubutu. Wani abokina ya rubuta wa ɗaya daga cikinsu ta zana masa dajin Afirka da yamma. Cikin minti ɗaya ta fito da jar rana ƙatuwa, da itace mai kai a baje kamar laima, da raƙumin dawa. Ya yi kyau, ba ƙarya. Amma irin zanen da na yi shekara uku ina yi ne, matsakaicin abin da dubban mutane suka riga suka zana. Abin da na gani a kan falalen dutsen nan da sanyin asuba, leɓena a tsage, ba ya cikin wannan tarin, sai in wani ya je ya zauna ya ɗauko shi.

Da na gama na kai aka buga mini a takarda mai kauri. Bugun farko ya fito da duhu, domin fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa aron haske take yi, kuma zanen da duk ƙarfinsa yana cikin ƙananan bambance-bambance ba ya jure wannan. Na ƙara masa haske aka sake bugawa, na sa a firam na kai ƙauye.

Baffa ya jingina shi da bangon zaure, ya ja baya. Wannan karon bai tambayi lokaci ba. Ya ce, "Bayan an kwashe amfani ke nan, sanyi ya kama." Ya matso ya sa yatsa a gefen dama. "Burtalin nan ya fi haka faɗi. Shanu biyu suna jerawa su wuce." Na ce zan gyara. Ya ce a'a, in bar wannan a nan, in gyara nawa na cikin na'ura. Sannan ya ce in dawo cikin Agusta, lokacin da gero ya kai ƙugu, in ga gawon a tsirara. Na riga na sayi sabon littafi, kuma na nemi leda mai kauri da zan riƙa sa shi saboda ruwa.