Jar ƙasar Zazzau da na'urar da na tsaya a kanta

A ƙauyen kakanninmu, can cikin ƙasar Zazzau, akwai ragowar ganuwa wadda yanzu ta koma tudu-tudu, ana shuka dawa har gindinta. Tun muna yara kakarmu kan nuna mana gefen gabas da sandarta, ta ce nan mahara suka sha kashi, har gwalalon ganuwar ya cika da dawakansu. Wata rana ta ce Ningawa ne, wata rana ta ce mutanen Nagwamatse. Duka biyun suna da ƙafa a tarihi. Ningawa sun daɗe suna kai hari ƙasashen Kano da Zazzau da Bauchi a ƙarni na 19, shi kuma Ibrahim Nagwamatse da Turawa suka ci Kwantagora a 1901 ƙasar Zazzau ya faɗo da jama'arsa. Kakarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta bar ni da wannan ƙaiƙayi. Abin da ke cikin gwalalon nan shi zai raba gardama: in kan kibiya ne da dalmar harba-ka-ruga, magana ɗaya ce, in aka ga kwanson harsashin Turawa a ciki, magana ta canza.

Sana'ata gyaran inbata da kayan sola ce a Kawo, don haka na'ura ba ta ba ni tsoro. Shekara uku da suka wuce na sayi na'urar gano ƙarfe, mai sauƙin kuɗi, irin mai zango ɗaya, wato siginar da take aikawa ƙasa saurin kaɗawarta iri ɗaya ne. A yashin bakin kogin Kaduna ta yi mini aiki har na ɗauka na gama sayayya. Ranar da na kai ta gonar kawuna da ke hanyar Zariya, gaba da Rigachikun, sai ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa, ko'ina ka ɗora faifanta, wato zagayayyen kan da ake shafa ƙasa da shi, sai ƙara, ka tona ba ka ga komai. In na rage mata ƙarfi ta yi shiru, amma kuma ta zama kurma. Daga nan na shiga neman wadda ta fi ta zurfi, na kuwa shafe kusan shekara ina neman abin da ba shi ne ainihin matsalata ba.

Matsalar ƙasar ce. Jar ƙasarmu da marmara launinsu daga tsatsar ƙarfe ya fito, ƙarfen yana cikin ƙasar kanta. Na'ura tana aika maganaɗisu ƙasa ta saurari abin da ya dawo, to a irin wannan wuri gonar gaba ɗaya ke amsa mata, ƙaramar dalmar da kake nema muryarta ta ɓace cikin hayaniyar. Ga kuma kashin maƙera, don kakanninmu sun narka tama a tsofaffin mazaunai da yawa. Duk zurfin da ka gani an rubuta a jikin kwali, ko wanda ake nunawa a YouTube ana kaɗa kwabo a iska gaban faifai, ba a marmarar Igabi aka auna shi ba.

Akwai kuma lissafin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Ga ƙaramin abu kamar harsashi, in ka ninka zurfinsa, amsar da ke dawowa ga na'ura takan ragu kusan sau 64. Shi ya sa na'urar da ta ninka wata kuɗi sau biyar ba za ta ninka ta zurfi ba, 'yan santimita ne za ta ƙara. Duk wanda ya ce maka na'urarsa tana jin kwabo a zurfin mita biyar, riƙe kuɗinka. Wani mai shago ya taɓa fito mini da wata mai sanduna biyu kamar eriyar rediyo, ya rantse tana nuna zinare daga nisan kilomita. Na roƙi ya bar ni in buɗe cikinta, ya ƙi. Irin wannan yaudara ba sabuwa ba ce: a 2013 kotu a Ingila ta ɗaure James McCormick shekara goma saboda sayar da ADE 651, wata na'urar bogi da aka ce tana gano bam, wadda aka yi ta tsayawa da ita a shingayen bincike a Iraƙi.

Da na gaji da jin ta bakin mutane sai na yi wa kaina filin gwaji. Na je Panteka aka yanka mini guntayen bututun tagulla daidai girman kwanson harsashi. Na karɓi dalma wajen masunta, irin wadda suke ɗaura wa birgi, na narkar na mulmula ta kamar 'ya'yan bindigar toka. Wani maƙeri a Tudun Wada ya ƙera mini kan kibiya guda shida, sirara masu kunne. Wajen wani mai kiwon dawaki kuma na samu tsohuwar likkafa da ta karye. Na binne su a gefen gonar kawu, jere-jere, wasu a santimita 15, wasu 25, wasu 35, likkafar kuma na kai ta 60. Na kafa turaku na zana taswira a littafi, na bar su damina guda ta wuce a kansu don ƙasar ta kwanta.

Kawu yana zaune kan kututture yana kallona. Ya ce, "Kai ɗan nan, mutane na shuka masara kai kana shuka ƙarfe?"

Na ce, "Kawu, wannan shukar ce za ta hana ni asarar kuɗi."

Ya ce, "To Allah ya sa ta tsiro. Amma kada ka bar mini rami shanu su karye."

Bayan kaka na fara kawo na'urori. Tsohuwar tawa ta ji tagulla a 15, ta ji dalma da ƙyar, kan kibiya kuwa ko ɗaya. Wannan na ƙarshe ya fi komai tayar mini da hankali, kuma a nan nake so duk mai sha'awar wannan harka a ƙasar Hausa ya tsaya ya yi tunani. Na'urorin nan an gina su ne don masu neman tsabar kuɗi da zobe, an koya musu su yi watsi da baƙin ƙarfe don kada mutum ya wahala da ƙusa. To mu kuwa kayan yaƙinmu baƙin ƙarfe ne: kan mashi, kan kibiya, linzami, likkafa, zoben sulke, ɓallin takobi. Mai neman kayan yaƙin basasar Amurka maɓallin tagulla da dalma yake bi. Kai in ka kunna tacewar da ke zubar da baƙin ƙarfe, ka zubar da rabin tarihin da ka zo nema. Dole ka buɗe ta ta ji kowane ƙarfe, kunnenka ya koyi bambanta ƙarar ƙusa da ta abu mai jiki.

Ta biyu aro na yi daga wani abokina da ya taɓa harkar zinare. Irin da ake kira PI ce, mai harba bugun lantarki ta yi shiru ta saurari yadda amsar ke mutuwa. Amsar jar ƙasa takan mutu da wuri, ta ƙarfe ta ɗan jima, shi ya sa wannan iri ba ya damuwa da marmara sosai. Minelab GPX 5000 da Garrett ATX duk 'yan wannan gida ne. Gaskiya ranar na sha mamaki. Ta ji dalmar 35 sarai, ta ji likkafar 60 kamar a sama take, ta ji kan kibiya har na 25. Ba wadda ta kama ƙafarta a zurfi. Amma da na fita daga filin gwajin na shiga gona sosai, cikin awa biyu na tona rami goma sha ɗaya, na fito da ƙusa, guntun waya, bakin tsohuwar fartanya, gwangwanin tumatir, da murfin kwalba a zurfin kamu guda. Irin wannan na'ura ba ta iya faɗa maka abin da ke ƙasa da kyau, kira kawai take yi. Ga nauyi, kafaɗata ta yi kwana biyu tana ciwo. Da na matsa kusa da manyan wayoyin wuta kuma sai ta kama ɓaɓatu. A tsohon mazaunin da aka yi shekara ɗari ana zubar da shara, ramukan da za ta sa ka tona sun isa su ɓata wurin, su kuma ɓata tsakaninka da mai gona.

Masu akwati biyu irin Fisher Gemini-3 ban ɓata lokaci a kansu ba. Tukunya ko babban ƙarfe suke ji a can ƙasa, harsashi guda ba sa ganinsa.

Ta uku ita ce mai aika zango da yawa a lokaci guda. Amfanin haka shi ne zango na ƙasa-ƙasa, kamar kilohaz 5, ya fi nitsewa ya ɗauko manyan abubuwa na tagulla da azurfa, na sama kuma, kamar 20 ko 40, ya fi jin ƙananan abubuwa irin ɓarɓashin dalma da siririn ƙarfe. Na'ura mai haɗa su tana kwatanta amsoshin ta cire hayaniyar ƙasa. Minelab na Ostareliya sun fito da Equinox a 2018, Nokta na Turkiyya suna da Legend, XP na Faransa suna da Deus II. Wadda na gwada Equinox 800 ce. Da faifanta na inci 11, bayan na daidaita ta da ƙasar wurin ta hanyar ɗaga faifan da sauke shi har ƙarar ta lafa, ta ji tagulla da dalma a 25 da lamba tsayayya a allonta, wadda ke nuna irin ƙarfen, ta ji kan kibiya na 15. Da na sa mata babban faifai mai inci 15 sai ta fara taɓa tagullar 35, likkafar ma ta amsa a hankali. Ba ta kai ta aron zurfi ba. Amma tana gaya mini abin da take zato kafin in ɗaga diga, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma ana cajinta da fawabank, wanda duk mazaunin Kaduna ya san darajar haka.

Ita na saya, ta hannu, tare da babban faifan da kuma ƙaramar na'urar hannu mai kamar tocila da ake laluben cikin rami da ita. Dalilina shi ne yawancin abin da ya faɗi a fili yana cikin ƙasar da garma ke juyawa, santimita 20 zuwa 30, kuma huɗa kan ɗago shi kowace shekara. Wurin da zurfi ke da muhimmanci shi ne gwalalon, inda ganuwa ta zube ta binne abin da ke ciki. Wannan ɗan tsiri ne, zan ari ta abokina in yi masa kwana biyu. Ban ga dalilin kashe kuɗin sayen mota a kan tsiri ɗaya ba.

Sai dai har yau ban kai ta ƙauye ba. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta hana tonon neman kayan tarihi ba tare da izinin hukumar ba, kuma ba ta yarda a fitar da su waje ba sai da izini. Mu 'yan Kaduna bai kamata a yi mana dogon bayani kan wannan ba, mun ga yadda aka yashe gumakan Nok aka kwashe su zuwa Turai, aka bar ramuka da tarihin da ba zai ƙara haɗuwa ba. Abin da ya ƙara buɗe mini ido shi ne aikin da aka yi a filin yaƙin Little Bighorn a Amurka a 1984, bayan gobara ta cinye ciyawar wurin. Masu na'ura suka jeru suka bi filin, masana ƙarƙashin Douglas Scott suka sa wa kowane kwanso alama a taswira, har suka iya bin sawun bindiga guda daga inda ta fara harbi zuwa inda ta koma. Kwanson da aka ɗauka aka jefa aljihu tagullar 'yan bola jari ce kawai. Inda ya faɗi shi ne labarin.

Akwai kuma wuraren da ni ko da izini ba zan sa diga ba. Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mutanensa, maƙabarta ce. Haka nake kallon Satiru ta kusa da Sakkwato, inda aka gwabza da Turawa a 1906. Can sai dai ziyara da addu'a. Wuraren atisayen soja kamar kewayen Jaji da Kachiya su ma na yi nesa da su, don abin da bai fashe ba yana iya fashewa bayan shekaru, kuma na'ura mai zurfi ita ce ma ta fi saurin kai ka kansa.

Da na je gaida dagacinmu na faɗa masa niyyata, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka san in mutane suka ga wannan abin a hannunka, zinare za su ce. Ka kuwa san abin da zinare ya jawo wa Birnin Gwari da Zamfara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ya sa na fara zuwa wajenka. Ba zan zo ni kaɗai ba, kuma duk abin da ya fito a gabanka za a shimfiɗa shi."

Ya ce in kawo takarda, in kuma zo da malaman da suka san aikin, shi zai tara masu gonakin ya yi musu bayani da bakinsa. Na rubuta wasiƙar neman izini zan kai gidan tarihi da ke titin Ali Akilu, na kuma fara zuwa Gidan Arewa ina duba abin da aka rubuta kan yankinmu. Wani ɗalibi mai karatun tonon kayan tarihi a Zariya, ɗan ƙanwata, ya ce zai nuna wa malaminsa taswirar filin gwajina. Lokacin da nake hari shi ne ruwan farko, ƙasa ta yi laushi amma ba a yi shuka ba. Kafin nan kowace Asabar ina gonar kawu da abin sauraro a kunne, ina bi ta kan kibiyoyin nan shida. Na 25 ɗin har yanzu sai na tafi a hankali ƙwarai, faifai yana shafar ƙasa, kafin ta ɗan yi wani gajeren gunji.